Giɓin Shekara Uku: Yadda Alƙalami Ya Cinye Fanshon Mazan Jiya

Kowace ranar 15 ga Janairu, shugabanni kan ajiye furanni, a busa ƙaho, a saki tattabaru don tunawa da mazan jiya. An zaɓi ranar ne saboda a cikinta yaƙin basasa ya ƙare a 1970. Amma akwai wani rukuni na waɗanda suka yi wannan yaƙi da bikin ba ya kaiwa gare su. Suna raye, galibinsu sun haura saba'in da biyar, kuma ba sa cikin jerin masu karɓar fansho. Hujjar da ake ba su guda ɗaya ce: shekarun aikinsu ba su cika ba. Ra'ayina shi ne wannan hujja zalunci ce da aka yi wa rigar doka, kuma gyaranta bai fi ƙarfin Majalisar Tarayya ba.

Bari mu fara da yadda giɓin ya samo asali. Lokacin da yaƙi ya ɓarke a Yulin 1967, sojojin Najeriya ba su wuce kimanin 10,000 ba. Kafin a ajiye makamai sun kai wajen 250,000. An kwashi samari daga gonaki da kasuwanni, aka ba su horo na 'yan makonni, aka tura su bakin daga. An kuma sake kiran tsofaffin sojoji, har da waɗanda suka yi yaƙin Bama a Yaƙin Duniya na Biyu, suka sake sanya kaki bayan sun daɗe da tuɓe shi. Da ƙura ta lafa, ƙasa ta ga ba za ta iya riƙe wannan runduna ba, sai gwamnatin Murtala da Obasanjo ta shiga rage ta. Dubbai suka karɓi takardar sallama a ƙarshen shekarun 1970.

A wancan lokaci, sai mutum ya yi shekara 15 yake cancantar fansho. Shekara 10 kuwa garatuti kawai take ba shi, wato kuɗin sallama na lokaci guda. Dokokin fansho na 1979 sun yi wani sassauci: kowace cikakkiyar shekara ta yaƙin basasa ana ƙidaya ta a matsayin biyu. Mu ɗauki misali. Saurayi ya shiga soja a Janairun 1968, aka sallame shi a 1978. Ya yi shekara 10 cur. A ƙara masa biyu na ladan yaƙi, ya zama yana da 12. Saura uku. Saboda waɗannan ukun, bai taɓa ganin ko sisin fansho ba.

Abin takaicin yana gaba. Daga 1 ga Yunin 1992 gwamnati ta sauko da ma'aunin: shekara 10 ta isa fansho, biyar ta isa garatuti. Wato hukuma da bakinta ta amince cewa aikin shekara 10 ya cancanci kulawa har ƙarshen rai. Sai dai sabon ma'aunin bai waiwayi na baya ba. Wanda ya yi shekara 10 a zaman lafiya ya fita a 1993 yana da fansho. Wanda ya yi shekara 10 da suka haɗa da ramukan yaƙi ya fita a 1978 ba shi da shi. Bambancin da ke tsakaninsu ranar da aka buga hatimi ce kawai. Wannan ne ya sa har yanzu ake ganin dattawa da sanduna suna zanga-zanga a Ibadan da Abuja, suna neman haƙƙin da ya haura shekara 40.

Wanda aikinsa ya zo kashi biyu ya fi shiga tsaka mai wuya. Ya yi shekara bakwai ya fita, ƙasa ta sake buƙatarsa ya dawo ya yi shida. A lissafin kowane ɗan firamare shekara 13 ke nan. A lissafin fayil kuwa, muddin ba a haɗe zangon farko da na biyu ba, mutane biyu ne, kuma kowannensu ya gaza. A aikin gwamnati na farar hula an san ƙa'idar yafe tsaikon aiki da haɗe shekaru. Ga soja, bai kamata wannan ya rataya a kan alfarma ko sanin wani babba a Abuja ba. Batun kuma bai tsaya kan tsofaffi ba: a Satumban 2015 Rundunar Sojan Ƙasa ta dawo da sojoji 3,032 da aka kora a yaƙin Boko Haram. Ranar da kowannensu zai ajiye aiki, yadda aka ƙidaya watannin da ya yi a waje ne zai yanke makomar iyalinsa.

Mutanen Kano ba sa buƙatar a kai su nesa kafin su ga sakamakon. Garin da ya haifi Murtala, wanda ya jagoranci Runduna ta Biyu a yaƙin, garin da ke da barikin Bukavu da na Janguza, cike yake da waɗannan dattawa. Duk wanda ya san Ƙauyen Alu da Gyadi-Gyadi da sauran unguwannin Tarauni ya san irin tsohon da har yanzu ake kira Kofur ko Saje, yana kwana a kan benci yana gadin ƙofar wani. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana kusa da shi a kan titin Zariya, amma kuɗin kati da na magani sun sa ya yi masa nisa. Nauyin da ƙasa ta sauke daga kanta bai ɓace ba. Ya koma kan 'ya'ya da maƙwabta da masallacin unguwa.

Masu kare wannan tsari suna da hujjoji uku, kuma ya dace a saurare su.

Ta farko: doka doka ce, dole a ja layi a wani wuri. Gaskiya ne. Amma layin da ke cewa mai shekara 15 ya samu komai, mai 14 da wata 11 ya tashi a tutar babu, layi ne na rashin tunani. Sauran ƙasashe sun gane haka. Dokokin fanshon sojan Indiya, inda ƙaramin soja ke buƙatar shekara 15, sun ba da damar yafe giɓin da bai wuce shekara ɗaya ba. Mu ma mun taɓa karya layi da gangan. A ranar 29 ga Mayun 2000 Shugaba Obasanjo ya mayar da korar sojojin da suka yi wa Biyafara yaƙi ta zama ritaya, a 2017 kuma gwamnatin Buhari ta amince da biyan fanshon tsofaffin 'yan sandan ɓangaren. Matakan biyu daidai ne, domin da su ake ɗinke ɓaraka. To idan alƙalami ya iya yafe wa wanda ya yaƙi tarayya, me zai hana shi yafe shekara uku ga wanda ya kare ta?

Ta biyu: da kansu suka nemi sallama, kuma sun karɓi garatuti. Wannan magana tana mantawa da yanayin lokacin. Hukuma ce ke neman rage runduna, ita ce ta buɗe ƙofa tana nuna hanya. Kurtun da bai iya karanta takardar da ya dangwala wa yatsa ba, wa ya zaunar da shi ya bayyana masa cewa shekara uku kacal suka rage tsakaninsa da fansho? Idan garatutin ne matsala, a cire shi daga bashin da yake bi. Ai lissafi ba gagara ya yi ba.

Ta uku: babu kuɗi, kuma 'yan bogi za su cika layi. Fanshon bogi matsala ce ta gaske, amma maganinta tantancewa, kuma Hukumar Fanshon Soja ta saba yin ta. Akwai lambar soja, akwai takardar sallama, akwai rajistar Ƙungiyar Tsofaffin Sojoji ta Najeriya wadda ke da rassa a jihohi. Game da kuɗi kuwa, wannan rukuni ba ƙaruwa yake yi ba. Kowace damina da rani raguwa yake yi. Jinkirin da ake yi yana kama da jiran mutuwa ta rufe fayil. Faransa ta yi irin wannan da sojojin Afirka da suka yi mata yaƙi, har da na Nijar: ta daskarar da fanshonsu tun daga dokar 1959, ba ta daidaita shi da na Faransawa ba sai bayan hukuncin kotun tsarin mulkinta a 2010, lokacin da akasarinsu sun riga mu gidan gaskiya. Abin da muka zagi Turawan mulkin mallaka a kansa, bai kamata mu yi wa namu ba.

A 2011 Majalisar Tarayya ta fitar da sojoji daga tsarin fanshon adashi da aka kafa a 2004, bisa hujjar cewa aikinsu ya bambanta da na kowa. Wannan hujja ita ce ta wajabta gyara huɗu. A mayar da ma'aunin shekara 10 ya shafi duk wanda ya yi yaƙin basasa, ko yaushe aka sallame shi. A riƙa haɗe zangunan aikin wanda ya sake shiga soja kai tsaye, ba sai ya roƙa ba. A yafe giɓin da bai wuce wata 12 ba. Sannan a sanya waɗannan dattawa cikin inshorar lafiyar sojoji tun yanzu, kafin a gama muhawarar kuɗi.

Ɗan majalisar wakilai mai wakiltar Tarauni da sanatan Kano ta Tsakiya suna da ikon gabatar da wannan ƙuduri. Lauyoyinmu suna iya bin fayil kyauta, 'yan jarida suna iya tattara sunaye unguwa-unguwa. Sojan da ke Sambisa ko dajin Zamfara a yau yana kallon yadda aka yi da na jiya, kuma da shi yake auna abin da ke jiransa. Hausawa sun ce wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Najeriya ta ci ladan tun 1970.