Wuƙar Yarima Diponegoro: Ta yaya ake gane asali da shekarun keris?

A watan Maris na 2020 ƙasar Holan ta mayar wa Indonesiya wata wuƙar gargajiya da ake kira keris, bayan ta shafe shekara 189 a can. An nuna wa Shugaba Joko Widodo ita a fadar Bogor yayin ziyarar Sarki Willem-Alexander, inda aka ce ita ce Kiai Naga Siluman, wuƙar Yarima Diponegoro, wanda ya jagoranci yaƙi da Turawan Holan a tsibirin Java daga 1825 zuwa 1830.

Tun murna ba ta lafa ba gardama ta tashi, domin wasu masana keris sun ce ba ita ba ce.

Abin da takardu suka nuna

Bayan an kama Diponegoro a garin Magelang a 1830, wani hafsan soja, Kanar Cleerens, ya kai wa Sarki Willem na Ɗaya wuƙar a 1831, aka ajiye ta a taskar kayan tarihi ta sarki. Da aka rufe taskar a 1883, kayanta suka watsu zuwa wasu gidajen tarihi, har da na birnin Leiden, sai aka rasa wace ce ita a cikin tarin wuƙaƙe.

Masu bincike sun dogara da wasiƙar Sentot Prawirodirjo, tsohon kwamandan yariman, wanda ya ce Diponegoro ya miƙa wa Cleerens wuƙar, da kuma bayanin siffarta da mai zane Raden Saleh ya rubuta. Sri Margana, masanin tarihi a Jami'ar Gadjah Mada, ya je Holan ya duba, ya amince.

Abin da ƙarfe ya nuna

Su kuwa masana keris, ruwan wuƙar suke karantawa. Kube da ƙota ba su cika zama hujja ba, tunda ana sauya su.

Da farko akwai dhapur, wato ƙirar wuƙar: ko miƙaƙƙiya ce ko mai lanƙwasa, wadda adadinta kan zama mara, kamar 3 ko 9 ko 13. Sai pamor, zanen da ke fitowa idan maƙeri ya yi ta ninke baƙin ƙarfe da wani mai haske a wuta. Daga nan sai tangguh, kimanta zamanin da aka ƙera ta, misali daular Majapahit ko ta Mataram, bisa nauyi da launin ƙarfe da salon aiki.

Da wannan ma'auni ne masu suka, ciki har da ɗan siyasa Fadli Zon, wanda ya zama ministan al'adu a 2024, suka ce ƙirar wuƙar ta Naga Sasra ce, ba ta Naga Siluman ba.

Ina gizo ke saƙar?

Ɓangarorin biyu ba tambaya ɗaya suke amsawa ba. Ƙarfe na iya nuna zamani da yanki, amma ba ya faɗin wanda ya taɓa soke wuƙar a ƙugunsa. Shi kansa tangguh kimantawa ce, kuma maƙera sun sha kwaikwayon salon magabata, don haka sabuwar wuƙa kan yi kama da tsohuwa.

Haka kuma, a al'adar Java mai wuƙa kan raɗa mata suna irin na mutum, kuma ba dole sunan ya dace da ƙirarta ba. Takardu ma suna da nasu rauni: bayanin da aka rubuta a ƙarni na 19 zai iya dacewa da wuƙa fiye da ɗaya.

Me ya sa batun ke da muhimmanci?

Keris na cikin al'adun duniya da hukumar UNESCO ta karrama tun 2005, kuma mayar da kayan tarihi sai ƙaruwa yake. A 2023 Holan ta amince ta mayar wa Indonesiya da Sri Lanka kaya 478, a 2025 kuma ta mayar wa Najeriya kayan tarihin masarautar Benin 119.

Galibi ƙasar da ke riƙe da kayan ce ke riƙe da takardun, alhali masu ilimin karanta ƙarfen suna ƙasar da aka kwaso su. Muddin ba a zaunar da ɓangarorin biyu tare tun farkon bincike ba, kaya za su dawo gida, amma shakku zai biyo su.