A Duba Akwatin Lantarki Tun Da Sauran Dama

Mutanen Katsina ba su mance gobarar babbar kasuwa ta 2021 ba. Wuta kuwa ba ta bambanta rumfa da zaure. Lalle kowane maigida ya dubi akwatin lantarkinsa. Fiyus ɗin da ke ciki mai gadi ne: in nauyi ya fi ƙarfin waya, shi ke yanke wuta kafin roba ta narke. Wanda ya ɗaura zaren jan ƙarfe a madadinsa ya sallami mai gadinsa ke nan. Wajibi ne a kira gwani ya kashe wuta, ya warware wayoyin da suka harɗe, ya ɗaure na sako-sako, ya sake sirara da masu kauri. Hajar falke ana sayo wata, amma littafin da malami ya gada in ya ƙone sai haƙuri. Allah ya tsare, amin.