Iyakar Miliyan 60: Abin Da Dokar Lissafin OHADA Ta Canza Wa 'Yan Kasuwar Maraɗi

Masu iya magana kan ce rashin sani ya fi dare duhu. Duk wanda ya bi hanyar Jiratawa zuwa Maraɗi da sassafe zai ga buhunan zogale da kayan lambu suna shiga gari, haka kuma daga Tibiri zai ga hatsi da dabbobi, ga manyan motoci suna sauke kaya daga Kano da Katsina ta Ɗan Isa. Kuɗi ne masu yawa ke juyawa a kullum. Amma idan ka tambayi mai kayan nawa ya ci riba bara, sai ya ce maka Alhamdu lillahi, lissafin yana kansa. To, akwai dokar da ba ta amincewa da lissafin ka, kuma ta hau kan 'yan kasuwar Nijar ko sun sani ko ba su sani ba.

Nijar tana cikin ƙasashe 17 na ƙungiyar OHADA, wadda aka kafa a 1993 domin dokokin kasuwanci na waɗannan ƙasashe su zama iri ɗaya. Ficewar Nijar daga CEDEAO a Janairun 2025 ba ta shafi wannan ba, domin yarjejeniya ce ta daban. A ranar 26 ga Janairun 2017, a birnin Barazabil, ministocin ƙungiyar suka amince da sabuwar dokar lissafin kuɗi, wadda ma'aikatan ofis ke kira SYSCOHADA da aka sabunta. Ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2018, inda ta maye gurbin ta shekarar 2000. Shekaru sun shuɗe, amma har yanzu a kasuwa ana ɗaukarta tamkar maganar manyan kamfanonin Yamai.

Abu na farko da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne, a da ƙofofi uku ne. Akwai cikakken tsari na manya, akwai sassauƙan tsari na matsakaita waɗanda cinikinsu bai wuce miliyan 100 na sefa a shekara ba, sannan akwai ƙaramin tsari na shiga da fita. Sabuwar dokar ta rufe ƙofar tsakiya baki ɗaya. Ƙaramin tsarin kuma ta faɗaɗa shi: mai saye da sayarwa yana iya zama cikinsa muddin cinikinsa na shekara bai kai miliyan 60 ba, mai sana'ar hannu miliyan 40, mai aikin hidima kamar sufuri ko gyara miliyan 30. A tsohuwar doka miliyan 30 da 20 da 10 ne.

A lura, ciniki ake nufi, wato duk abin da aka sayar, ko da ribar da ke ciki ba ta taka kara ta karya ba. Miliyan 60 a shekara miliyan 5 ne a wata, wato kusan jika 165 a rana. A ɗauka Hajiya tana sayar da buhun hatsi jika 15, to buhu 11 kacal a rana ya kai ta bakin iyaka. Daga nan doka tana neman ta da takardu huɗu irin waɗanda babban kamfani ke fitarwa: takardar dukiya da bashi da ake kira bilan, takardar riba da asara, takardar shiga da fitar tsabar kuɗi, da bayanan da ke rakiyarsu. Shekarar lissafi tana ƙarewa 31 ga Disamba, kuma wata huɗu aka bayar a kammala, wato ƙarshen Afrilu.

Abu na biyu, dokar ta taɓa yadda riba ke fitowa a takarda, ko da kuɗin da ke cikin akwati bai motsa ba. A da, kuɗin da mutum ya kashe wajen kafa kamfani, kamar na notere da rajista, ana rubuta shi a ɓangaren dukiya, a riƙa cire shi kaɗan-kaɗan har zuwa shekara biyar. Yanzu a shekarar da aka kashe shi ake cire shi duka, don haka sabon kamfani zai ga ribarsa ta shekarar farko ta ragu. Haka nan mai babbar mota ko babban gini, an buɗe masa hanyar ya raba abin kashi-kashi wajen lissafin tsufa, tun da injin tirela ba ya kai shekarun da jikinta ke kaiwa. Bugu da ƙari, kuɗin sallama da kamfani zai biya ma'aikacinsa ranar ritaya, tilas ne yanzu a ƙiyasta shi a rubuta shi a matsayin nauyi tun kafin ranar ta zo. Alhajin da ke da direbobi da masu tsaron kanti da suka shekara ashirin tare da shi, zai ga wani bashi ya bayyana wanda bai taɓa sa shi a lissafi ba.

Takardar shiga da fitar tsabar kuɗi, wadda ta maye gurbin tsohuwar da ake kira TAFIRE, ita ce ta fi kusa da hankalin ɗan kasuwa. Tana amsa tambayar da kowa ke yi wa kansa da dare: na yi ciniki, to ina kuɗin? Mutum yana iya samun riba a takarda alhali rabin kayansa suna hannun masu bashi a Tasawa da Dakoro. Banki ba ya karɓar alkawarin masu bashi a madadin biya, shi ya sa mai ba da rance ke duba wannan takarda da kyau.

Mu nan Maraɗi muna da wata matsala ta musamman, wato naira. Doka ta ce da kuɗin ƙasa ake lissafi, kuma bashin da ke cikin kuɗin waje ana auna shi da farashin ranar rufe shekara. Wannan ƙa'ida tsohuwa ce, sai dai ta yi cizo bayan da naira ta faɗi daga Yunin 2023, ga kuma rufe iyaka da ya biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024. Wanda ke bin abokin cinikinsa na Kano naira, dole ya rubuta asarar tun bai karɓi kuɗin ba. Wanda kuma ake bi naira, ba a yarda ya ƙidaya sauƙin da ya samu a matsayin riba ba sai ya biya. Haka kayan da suka daɗe a sito har darajarsu ta faɗi, da sabuwar darajar ake rubuta su.

To ina makomar mai tallan zogale a Jiratawa, wadda ba ta ko kusa da miliyan? Tun a Disambar 2010, a birnin Lome, OHADA ta tanadi matsayin ƙaramin mai sana'a, wanda zai bayyana sana'arsa a rajistar kasuwanci ba tare da biyan kuɗi ba, ya riƙe littafi guda na abin da ya shigo da abin da ya fita kullum, ya adana shi shekara biyar. Amma ƙungiyoyin gama kai, irin na manoman rani, dokar lissafin ta ambace su da suna, kuma jimillar cinikin ƙungiya ake dubawa. Shugabannin da suka ƙi fitar da lissafin shekara, ko suka fitar da na ƙarya da gangan, dokar ta ce laifi ne mai hukunci.

Sai dai kuma gaskiya ɗaya ce, masu kuka suna da hujja. Rufe ƙofar tsakiya ya ɗora wa mai cinikin miliyan 70 kaya irin na mai biliyan, ga kuɗin ɗaukar akanta, ga takardun duk da Faransanci. Akwai kuma tsoron da kowa ya sani: idan na rubuta, ma'aikatan haraji za su gani. Amma a juya maganar. Wanda ba shi da littafi, da me zai musa idan aka yanka masa harajin da ya fi ƙarfinsa? Dokar ta ce littafin da aka riƙe bisa ƙa'ida yana iya zama shaida a kotu tsakanin 'yan kasuwa, kuma shekara goma ake adana shi. Gidajen kasuwanci nawa muka gani sun watse bayan rasuwar maigida, don magada ba su san wanda ake bi da wanda ke bi ba? Ai ko a addini, ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani kan rubuta bashi ta sauka.

Saboda haka aikin kashi biyu ne. Ɗan kasuwa ya raba aljihun gida da akwatin kanti, ya sa yaronsa ɗan makaranta ya riƙa rubuta shiga da fita da bashi kowace yamma, ya adana rasit, a ƙarshen Disamba ya ƙidaya kayan sito, sannan ya haɗa cinikin watanni 12 ya ga ko wane ɓangaren miliyan 60 yake. Hukuma kuma, tun da kundin sake gina ƙasa na Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya kamata ma'aikatar haraji da majalisar 'yan kasuwa da ƙungiyar akantoci ta ONECCA su fitar da littafin ƙaramin tsarin da Hausa, da boko da ajami, su kai bayaninsa kasuwannin Maraɗi da Tibiri da Jiratawa ta gidajen rediyo. Allah ya ba mu kasuwa mai albarka, amin.