Ƴan mishan a ƙasar Arewa: me za su bari idan sun tafi?

Gundumar Tibiri ta jihar Dosso a Nijar, cikin yankin da ake kira ƙasar Arewa, ba ta daɗe da tsayawa da ƙafarta ba. A 2011 aka yanke ta daga Dogondutsi, da ƙananan hukumomi huɗu, Tibiri da Gesheme da Dumega da Kore Mairuwa, kuma ƙidayar 2012 ta ba ta mutum kimanin 270,000, akasarinsu manoman gero da wake a kwarin Dallol Mawri da tuddan da ke kewaye da shi. Idan naƙuda ta yi wa mace tsawo a wani ƙauye na nan cikin watan Agusta, kowa ya san abin da ke biyo baya. A ɗaura amalanke, a shimfiɗa mata tabarma, a ratsa rairayi zuwa ƙaramar likita, a tarar da ma'aikaci guda da layin yara masu zazzaɓin cizon sauro a gabansa, shi kuma ya duba ta ya rubuta takarda ya ce a wuce gaba, aikin ya fi ƙarfinsa. A irin wannan wuri ne ake gardamar ko ya dace a karɓi taimakon Kiristoci ƴan sa-kai da ke zuwa da magani ko su buɗe lakwal. Ni dai ina ganin a karɓa. Sai dai mun daɗe muna ɓata ƙarfinmu wajen binciken abin da ke cikin zuciyar baƙo, muna barin tambayar da ke da amsa a fili: idan ya kama hanya, me zai rage a hannun mutanen gari?

Muna da tarihin shekara ɗari da za mu yi awo da shi. Ƙungiyar Sudan Interior Mission, wadda aka fi sani da SIM, ta sauka Damagaram a 1924, daga baya ta kafa sansani a Tsibirin Gobir kusa da Maradi, wanda sau da yawa ake rikita shi da Tibirin Arewa a takardu. A 1950 Dokta Burt Long ya buɗe asibitin Galmi a jihar Tawa, garin da albasarsa ta yi suna. A 1956 aka kafa asibitin kuturta na Danja, inda aka ƙara cibiyar gyaran yoyon fitsari a 2012. Ƴan Katolika kuwa sun zauna a Dogondutsi tun ƙarshen shekarun 1940, da cocinsu da makarantarsu. Daga Dogondutsi zuwa Galmi tafiyar kilomita kimanin 200 ce a kan babbar hanyar Yamai zuwa Damagaram, kuma masu cika harabar asibitin nan kullum Musulmi ne, har da masu tsallako iyaka daga Najeriya. A can Najeriyar ma, a shekarun 1930, hukumomin gargajiya na Kano da Katsina da Sakkwato SIM ɗin suka damƙa wa kula da kutare a Yadakunya da Babbar Ruga da Amanawa. Sarakunan da suka yarda da haka ba su jahilci addininsu ba, aiki ne da babu wanda ke rububinsa.

Babban abin da ake faɗa shi ne magani tarko ne, wa'azi ne a bayansa. Wannan magana tana da tushe, kuma bai kamata a yi mata dariya ba. Ƴan mishan ba su taɓa ɓoye cewa bishara ce ta kawo su ba, kuma a da can al'ada ce a karanta Linjila ga marasa lafiya suna zaune suna jiran layi. Wanda ɗansa ke suma a hannunsa ba ya cikin halin da zai tashi ya ce ba zai saurara ba. Amma mu duba abin da ya fito. Bayan kusan shekara casa'in ana wannan aiki, ƙidayar 2012 ta nuna Musulmi sun haura kashi 99 cikin ɗari na al'ummar Nijar, Kirista ba su kai kashi ɗaya ba. Ƙasar Arewa ita ce ma ta fi ba da shaida, domin nan ne gidan bori da azna, nan Lugu take, garin Sarauniyar da ta yi fito-na-fito da rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine a 1899. Idan akwai inda mishan zai sa ran samun jama'a a ƙasar Hausa, to nan ne. Duk da haka Arawa Musulunci suka shiga, kuma binciken da Adeline Masquelier ta yi a Dogondutsi ya nuna cewa rigimar addini da ta fi girgiza garin tsakanin ƴan bori da malamai ce, sannan tsakanin ƴan Izala da sauran Musulmi. Talaka ya iya karɓar allura ya yi godiya ya koma masallacinsa. Abin da ya rage shi ne ƙa'ida, kuma ba ta da sassauci: kada a haɗa magani da sharaɗin sauraron wa'azi. Batun yara ƙanana a makarantar kwana ya fi wannan nauyi, domin yaro ba shi da garkuwar da babba yake da ita, don haka dole uwaye su san abin da ake koyarwa, kuma mai duba makarantu na gwamnati ya iya shiga ba tare da an yi masa iso ba.

Idan aka ajiye tsoron a gefe aka duba abin da ya daɗe, za a ga wani abin mamaki. Aikin mishan da ya fi kowane yaɗuwa a Nijar ba gini ba ne. A 1983 wani ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo, ma'aikacin SIM a Maradi, ya gaji da dashen itatuwan da ke mutuwa bayan damina ɗaya. Ya lura cewa ƙananan tsiron da manomi ke sassabewa kowace shekara daga kututturan tsofaffin itatuwa suke fitowa, kuma saiwarsu na nan da rai a ƙasa. Dabarar ba ta wuce wuƙa ko ƙaramin gatari ba: a zaɓi tsiro ɗaya zuwa biyar masu ƙarfi a kan kututture, a sare sauran, a rage rassan ƙasa, a kare su daga awaki. Shi ne sassaben zamani. Manomi ya koya wa maƙwabcinsa, har aka ƙiyasta ya kai hekta miliyan biyar da itatuwa wajen miliyan 200. Rinaudo ya bar ƙasar tuntuni, an ba shi lambar yabo ta Right Livelihood a 2018, amma mai gyara gawo da kalgo a gonarsa yau ba ya bukatar sanin sunansa, ba ya kuma jiran mota daga Yamai. Haka nan a Galmi, abin da ya fi sababbin ɗakuna daraja shi ne horar da likitocin fiɗa ƴan Afirka da asibitin ke yi. A inda mishan ya gaza kuma, a wannan fanni na horar da ƴan ƙasa ne ya gaza. Barbara Cooper, a littafinta na 2006 kan Kiristocin Maradi, ta nuna yadda SIM ta daɗe tana jan ƙafa wajen bai wa mabiyanta ilmin boko mai zurfi da Faransanci, ta fi son su tsaya a karatun Littafi Mai Tsarki da Hausa. Sakamakon haka, an ɗauki shekaru masu yawa kafin a sami ƴan ƙasa da za su iya riƙe manyan ayyukan da kansu.

Wannan ma'auni ne ya sa nake shakkar ziyarar mako biyu, irin wadda matasa ke zuwa da akwatunan magani, su duba mutum ɗaruruwa a gindin bishiya, su ɗauki hoto, su tafi. Mai hawan jini da aka bai wa ƙwayar wata guda, wa zai duba shi a wata na biyu? Wani lokaci ma abin ya wuce rashin amfani. A Jinja ta ƙasar Uganda, wata Ba'amurkiya mai suna Renee Bach ta riƙe cibiyar kula da yara masu tamowa alhali ba ta da horon aikin likita. Yara fiye da ɗari suka mutu a wurin, hukuma ta rufe cibiyar a 2015, kuma a 2020 aka sasanta ƙarar da wasu uwaye mata biyu suka shigar ba tare da ta amsa laifi ba. Kyakkyawar niyya ba ta zama takardar shaidar aiki. Wanda ƙasarsa ba za ta bar shi ya sa wa yaro ruwa ba, bai kamata a bar shi ya yi haka a Dumega ba don kawai ya zo daga nesa.

Akwai masu cewa duk wani taimako daga waje yana sauke wa gwamnati nauyin da ke kanta, yana kuma taɓa ƴancin ƙasa. Rabin maganar gaskiya ne, kuma lissafi yana bayansu. Mutuwar yara ƴan ƙasa da shekara biyar ta sauko daga 318 cikin dubu a 1992 zuwa 127 a 2012, kuma abin da ya kawo wannan shi ne rigakafi da gidan sauro da ƙananan ɗakunan shan magani da aka baza a ƙauyuka zamanin Tandja Mamadou, da kuma kyautar magani ga yara da aka fara a 2006. Asibitin mishan ɗaya ko biyu ba za su iya wannan ba. Amma kowa ya san yadda gwamnati ta riƙa jinkirin biyan kuɗin wannan kyauta har kantunan magani na likitoci suka bushe, uwa ta dawo da takardar magani a hannu. Rage kuɗin asibiti da rabi da aka yi a 2024 mataki ne mai kyau, sai dai ragi ba ya haifar da ungozoma inda babu ita. Rufe ƙofa ga mai taimako bai taɓa sa baitulmali ya cika ba. Kuma baƙin ma raguwa suke yi, ko mun so ko mun ƙi. An ƙona coci-coci a Damagaram da Yamai a Janairun 2015, an sace Jeff Woodke a Abalak a 2016, an sace Fada Pier Luigi Maccalli a Bomoanga a 2018, an sallami ƙungiyar Red Cross ta duniya daga ƙasar a farkon 2025, a shekarar da Amurka ta rushe hukumarta ta USAID. Duk aikin da har yanzu ya dogara da fasfo na waje, kwanansa a ƙidaye suke.

Wani abu kuma ya kamata mu faɗa wa kanmu, mu Musulmi. Attajiranmu ba su da rowa wajen gina masallaci, wani lokaci biyu a layi ɗaya, amma da wuya ka ji wanda ya yi wakafin gona ko shaguna don albashin ungozoma, ko don a maye ajin zana da na bulo, duk da cewa gobara a irin waɗannan azuzuwa ta kashe yara a Yamai da Maradi a 2021. Nijar ta yi dokar wakafi a 2019. Wanda ke jin haushin ganin gicciye a ƙofar asibiti yana da hanyar da shari'a da dokar ƙasa suka buɗe masa, kuma ta fi zage-zage a majalisar shayi amfani.

Saboda haka idan wata ƙungiya ta zo Tibiri ko Gesheme da tayin likita ko lakwal, a zauna da ita gaban shugaban gunduma da magajin gari da sarakunan gargajiya da babban likitan gunduma, limamai da fastocin yankin suna wurin. A rubuta cewa kowane ma'aikacinta zai nuna shaidar aikinsa, za ta miƙa lissafin marasa lafiya ga hukumar lafiya kamar kowace likita, kuma ba za a tambayi kowa addininsa kafin a duba shi ba. A kuma rubuta adadin ƴan mata da samarin yankin da za ta biya wa karatun jinya da ungozoma da koyarwa, da shekarar da ɗan gari zai karɓi shugabancin wurin, da inda albashinsa zai fito daga wannan shekarar.