Sai bango ya tsage ƙadangare ke shiga

A manyan ma'aikatu da bankuna kwamfutoci ba su cin gashin kansu. Akwai uwar na'ura guda da ke aiko musu da doka: wa zai shiga, wace takarda za a buɗe, wace ƙofa za a kulle. A cikin Windows, wannan tsari shi ake kira Group Policy.

A shekarar 2014 wani kamfanin Amurka ya sanar da Microsoft cewa tsarin na da ɓaraka: kwamfuta tana karɓar umurni ba tare da ta tantance mai aiko shi ba. Ke nan idan ma'aikaci ya yi tafiya da kwamfutar aiki, ya haɗa ta da intanet na otal, ɓarawo na iya shiga rigar uwar na'ura ya mallake ta ɗungum. Faci bai fito ba sai ran 10 ga watan Fabrairu 2015, mai lamba MS15-011. Windows Server 2003 kuwa ba ta samu ba.

Ga inda gizo ke saƙa: ɗora facin kaɗai bai toshe ɓarakar ba. Sai da mai kula da na'urori ya kunna sabuwar kariyar da hannunsa.

Saboda haka, darakta ko alhajin da dukiyarsa ke cikin na'ura, kada ya tsaya ga jin "an yi faci". Ya tambayi ma'aikacinsa: yaushe aka ɗora, an kunna, an gwada? Albashin jama'a da lissafin haja suna bayan wannan bango.