Kallon Wasa Ba Iskanci Ba Ne

Wai don Allah 'yar'uwa, yaushe kallon wasan kwaikwayo ya zama iskanci? Mace ta je Ikko ta ce za ta leƙa babban gidan wasa na ƙasa da ke Iganmu, sai a yi mata caa! Alhali masu surutun su ke kwana gaban finafinan Indiya.

Ginin nan mai kama da hular soja an gama shi a 1976, ya karɓi bikin FESTAC a 1977, a 2024 aka sa masa sunan Wole Soyinka. Da dukiyar ƙasa aka gina shi, har da rabonki a ciki.

Ki nemi iznin maigida, ki yafa mayafinki, ki kwashi yara ku je. Gani ya kori ji.