A Tambayi Direba Kafin A Sayi Kwamfuta

Malam Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarmu mai farin jini, in ja hankalin 'yan'uwana masu shagunan buga takardu a kasuwanni da ƙauyuka.

Ran 14 ga Oktoba, 2025 kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen kulawar da ya saba yi wa Windows 10, ga shi kuma da yawa daga kwamfutocin gwanjo da muke saye ba sa ɗaukar Windows 11. Shi ya sa wasu ke komawa Linux, wanda Linus Torvalds ɗan ƙasar Finland ya fara a 1991, ana kuma samunsa kyauta. To amma sai mutum ya sa, firinta ta ƙi bugu, ko wayales ya ƙi kamawa, ka ji ya ce Linux ɗin nan aikin banza ne. Wallahi sau da yawa laifin ba nasa ba ne.

Kowace na'ura da ke jikin kwamfuta tana da 'yar manhajar da ake kira direba. Ba direban mota ba fa, tafinta ne tsakanin na'urar da kwamfuta. Wani kamfani yakan saki rubutun direbansa a fili, kowane masani ya duba, ya gyara. Wani kuwa sai ya kulle. Kamar ka sayi injin niƙa ne, a yi wa murfinsa walda, a ce ba makanikin da zai taɓa sai na kamfani. Ranar da kamfani ya ce ya gaji, injinka ya zama ƙarfen kilo, alhali lafiyarsa lau.

Rigimar ta daɗe. Wajen 1980, a jami'ar MIT ta Amurka, wata firintar Xerox ta riƙa cinye takarda, Richard Stallman ya nemi rubutun manhajarta don ya gyara, aka hana shi. Wannan na cikin abin da ya tunzura shi ya kafa shirin GNU a 1983. Shi ma Torvalds a 2012 ya yi wa kamfanin Nvidia tatas a bainar jama'a. Sai a 2022 Nvidia ta buɗe wani sashe na direbanta, shi ma na sababbin na'urori kawai. Masu tsofaffi irinmu, ko oho. Intel da AMD kuwa direbobinsu na nuna hoto a buɗe suke cikin Linux, haka HP ta yi wa yawancin firintocinta.

Ni ba na tare da masu cewa kada a taɓa kullallen direba sam. Mai shagon da ɗalibai ke jira ya buga masu takarda ba shi da lokacin wannan aƙida. Ko mutanen Debian, duk da tsaurinsu, sun sassauta a fitowarsu ta 2023. Abin da ka riga ka saya, ka sa masa duk direban da zai tayar da shi.

Amma gun sabon ciniki, jama'a, a buɗe ido. Ka tafi kasuwa da filashi mai Linux a ciki, ka tayar da kwamfutar da shi a gaban mai kaya, ka gwada wayales da sauti da firinta. In ɗaya ya ƙi, ka mayar da kuɗinka aljihu ka leƙa rumfa ta gaba.

Naku,
Wani mai shagon buga takardu,
Zariya.